Tururuwa Uku a Cikin Nono

SHAFI NA 19

Masu damuna da saƙo wai na bar ku a rataye, ku natsu. Mai gaggawa shi ke sauke tuwo ɗanye. Wannan shafin kuwa ba na dariya ba ne, mai goyo ta gyara zama.

Mun tsaya a bazarar 1993, a Malbaza, gidan Abarshi mai lodin siminti. Matarsa Lauratu tana kwana goma sha biyu da haihuwar Lurwanu. 'Yarsu ta fari, Asabe, mai shekara biyar, ta yi wata guda tana shan ruwa kamar rairayi, tana fitsari ba ƙaƙƙautawa, tana zubewa a tsaye. Da safiyar ranar aka ga kiyashi sun yi baƙi ƙirin a inda ta tsuguna. Kafin hantsi ta fara amai. Shi ne Abarshi ya roƙi wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya kai su gidan likita a Konni, shi da Lauratu da mahaifiyarsa Inna Uwani. Jaririn aka bar shi gida hannun A'ishatu, ƙanwar Inna.

To, ga ci gaba.

*

“Ruwa, Iya.”

Muryar Asabe ta fito kamar ta tsohuwa. Leɓenta ya tsage, idanunta sun faɗa rami. Lauratu ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa.

“Dakata tukuna, Madam,” in ji Majo Alhasan, babban malamin jinya na wurin.

Ya sunkuya ya shinshina bakin yarinyar. Ya ɗago. Ya tsoma wata 'yar siririyar takarda cikin fitsarin da aka tara a kwalba. Kafin a ce kwabo takardar ta rikiɗe.

Ba takardar Lauratu ta kalla ba, fuskarsa ta kalla. 

“Majo, mi ne ne?” in ji Abarshi. Farin siminti na nan a girarsa, ko wanke fuska bai tsaya yi ba.

“Ciwon sukari ne.”

Inna Uwani ta yi tsaki. “Haba likita. Ciwon alhazai masu tumbi? Wagga yarinya da ko iska na iya ɗauka?”

“Na yara daban ne, Inna. Kuma ya fi na alhazai gaggawa. Mi kunka ba ta a gida?”

“Mi ne ba mu ba ta ba? Hura da sukari, safe da marece. Zuma cokali uku. Ka ga ta rame, ai sai da zaƙi.”

Majo ya dafe kai.

“Daga yau ko lasa.”

Ya ƙwala kira, wata ma'aikaciya ta shigo da gorar ƙarin ruwa. Sau uku suna neman jijiya a hannun Asabe ba su samu ba. A na huɗu allura ta shiga. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba, kuma wannan ya fi tsorata Lauratu fiye da a ce ta tsala ihu. Majo ya ɗauko wata 'yar kwalba daga firij, ya ja maganin a hankali yana ƙirga layukan sirinji, ya yi mata.

“Wannan shi ne abin da jikinta ya daina yi,” ya ce. “Yanzu sai mu jira.”

Ya ja kujera, ya buɗe kati, ya cire murfin alƙalami.

“Akwai mai irin ciwon a danginku?”

“Babu,” in ji Abarshi.

“Ta yi ƙyanda?”

“Bara waccan.”

“Wata nawa ta sha nono?”



Lauratu ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a tsakiyar baya.

Inna Uwani ce ta amsa, har da gyara lulluɓi.

“Ko ɗigo.”

Majo ya ɗago. “Ko ɗigo? Uwar ba ta da lahiya ne lokacin?”

“Lahiyarta lau. Nonon ne mugu. Mun gwada.”

“Da mi kunka gwada?”

“Kai ɗan nan, ba a garin ga anka haihe ka ba? Da tururuwa mana. A tatsi nono, a jefa guda uku. In sun hita, a ba ɗa. In sun mutu, a nema mashi akuya. Nata dut ukun sunka mutu, ko shurawa ba su yi ba. Kwana uku da haihuwa na sa Asabe ga madarar akuya. Da ba don ni ba da tuni an manta inda kabarinta yake.”

Majo ya rubuta wani abu. Sannan ya ajiye alƙalami ya dubi Lauratu.

“Madam, ke nike tambaya. Haka ne?”

Lauratu ta sunkuyar da kai.

“Ku hwaɗa mini gaskiya,” ya ce. “Wanda ya ɓoye wa likita, kansa ya ɓoye wa.”

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shekara biyar Lauratu na riƙe da maganar nan, ko uwar da ta haife ta a Bazaga ba ta sani ba. Amma yanzu ga 'yarta a shimfiɗe, ga ruwa na ɗiga cikin jijiyarta. Zuciyarta ta ce mata: in maganin wanda ya sha mugun nono daban ne fa? In aka yi mata na wanda bai sha ba, ta mutu a kan ƙaryarki fa?

Ta ɗago kai. 

“Ta sha.”

“Mi kika ce?” in ji Inna Uwani.

“Ta sha, Inna.”

“Ta sha mi?”

“Nonona.”

Abarshi ya juyo gaba ɗaya.

Lauratu ta zame daga bakin gado ta durƙusa a ƙasa. Da ma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar ta ɓalle mata kamar an fasa tulu.

“Kwana arba'in ta sha. Duk sa'ad da kika tahi bayan ɗaki hura wutar ruwan wankana, sai in sa ta cikin zane. Kuka take, Inna. Tana juya kai tana neman shi, ni kuma ƙirjina kamar ya tsage. Na ce sau ɗaya dai. Sau ɗaya ya zama kullum. Ranar da ta yi zazzaɓi na tsorata na bari, har ya ƙafe.”

“La'ilaha illallahu!”

Inna Uwani ta ɗora hannu biyu a ka.

“Abarshi, ka ji? Ka ji da kunnenka? Ni ina can ina shaƙar hayaƙi don ta, ita tana nan tana ɗura wa jikata dahi!”

“Inna, a yi a hankali, asibiti ne.”

“Rufe mini baki! Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ina ta zargin maƙwabta, ina ta bin malamai, ashe macijin na cikin ɗaki. Ka ga kiyashin da sunka taru ga hitsarinta? Su ne 'yan'uwan waɗanda sunka mutu cikin nonon. Shaida sunka zo bayarwa!”

Wannan maganar ta soki Lauratu, don ita ma abin da ta raya ke nan tun safe. Tun da ta ga baƙin nan a ƙasa ta ce a ranta, asirina ne ya fito da ƙafafunsa.

Abarshi ya tsaya a kanta. Bai ɗaga murya ba. Gara ma ya ɗaga.

“Shekara biyar, Laure. Kina ba ni tuwo, kina kallon idona.”

“Maigida, tsoro na ji.”

“Yanzu ba ki jin shi?”



“Yau za ta koma Bazaga,” in ji Inna Uwani. “Daga nan ma. Kada ta sake taka mini gida.”

Lauratu ta rarrafa ta kama ƙafar wandon Majo. Kunyar 'yar fari, wadda ta hana ta ko kiran sunan yarinyar gaban mutane tun haihuwarta, yau ta manta da ita.

“Likita, don Allah, don Annabi. Ni a kore ni, ban damu ba. Ka dai hidda dahin daga jikin Asabe. Asabe tawa. In jinina ake so a ɗiba.”

“Tashi, Madam.”

“Ni na kashe ta, ko? Hwaɗa mini.”

“Na ce ki tashi!”

Tsawar ta sa har Inna Uwani ta yi shiru. Majo ya leƙa gorar ruwa, ya taɓa wuyan Asabe, ya duba agogo. Sannan ya nuna wani ɗan buta da ke gefen tsohuwar.

“Mi ke cikin wancan?”

“Madarar akuya ce. Na taho da ita ko za ta sha a hanya.”

“Akuyar gidanku?”

“Ita. Jikar wadda ta shayar da Asabe ma.”

“Madararta na da kyau?”

“Mi zai same ta? Akuya ce mai albarka.”

“Cikin mi kika gwada nonon surukarki?”

Inna ta ɗan ɗaga kai. “Cikin kohin gilashi. Abarshi ya sawo mini shi da albashinsa na fari. Ba na sa nonon jikana cikin tsohon ludayi kamar wata baƙauya.”

“Malam Abarshi,” in ji Majo, “hita gindin dogon yaron can ka kamo mini tururuwa uku. Masu ƙarhi.”

Abarshi ya yi turus.

“Tahi mana.”

Ya fita. Ya dawo da su a cikin hularsa. Majo ya ɗauko kofin shayinsa na gilashi, ya ɗauraye, ya miƙa wa tsohuwar.

“Zuba da hannunki, Inna. Kada a ce na yi wani siddabaru.”

Ta zuba madarar akuya tana harararsa. Ta ɗauki tururuwan ɗaya bayan ɗaya ta jefa, tana motsa baki.

Kawuna huɗu suka sunkuya a kan kofi.

Ta farko ta yi iyo ta kai bango. Ta kama, ta zame. Ta sake kamawa, ta sake zamewa. Ta biyu ta yi ta juyi a tsakiya. Ta uku ta hau kan ta biyu, suka nutse tare.



Ta farkon ta fi su naci. Sau bakwai tana hawa tana sulɓewa. A na takwas ta tsaya. Ƙafafunta suka lanƙwashe.

 Ƙarar ɗigar ruwa da numfashin Asabe kaɗai ke tashi.

“To, Inna,” in ji Majo a hankali. “Akuyar ma muguwa ce?”

“Wani... wani abu ka sa a kohin.”

“Ke kika zuba. Zuba ruwan Zamzam ma ki gani. Gilashi ne, ya jiƙe, ba ta da wurin kamawa. Ko cikin ludayi ne, wadda ta hita ƙarhinta ya hidda ta, wadda ta mutu shan ruwa ta yi. Tururuwa ba ta san kome ba game da nonon mutum. Hatsi ta sani.”

Inna Uwani ta kai yatsa ta taɓa gawar tururuwar. 

Lauratu ta ɗago da ƙyar. “Likita... ke nan ba nonona ba ne?”

“Ba shi ba ne.”

“Rantse.”

“Wallahi ba shi ba ne. Zauna ki ji.”

Ya juya kujerarsa yadda duk za su gan shi.

“Cikin cikin mutum akwai wani ɗan abu mai sarrafa sukari. Kuma jiki na da masu gadinsa, masu korar cuta. Ga wasu yara, sai masu gadin su rikice, kamar karen gida ya juya ya ciji ɗan gida. Su hwaɗa wa abin nan su kashe shi. Sukari ya rasa mai sarrafa shi, ya cika jini, ya bi hitsari. Shi kiyashi sunka biyo, ba wata shaida ba.”

“Mi ke rikita karen?” in ji Abarshi.

“Nan ne ilimi ya tsaya. Wani abin daga jini ne, wani daga waje. Amma akwai abin da likitoci ke ta magana a kai 'yan shekarun nan. Sun bi yara da yawa a ƙasashensu, sunka ce kamar waɗanda sunka daɗe ga nonon uwa sun ɗan hi tsira. Wasu kuma na zargin madarar dabba in an ba jariri da wuri, tun hanjinsa bai yi ƙwari ba.”

Inna Uwani ta ja da baya har ta bugi bango.

“Madarar dabba.”

“Zargi ne, Inna, ba a tabbatar ba. Ni da idona na ga wanda ya sha nono shekara biyu cur ya kamu. Dubu nawa sunka sha akuya ba abin da ya same su?”

Ba ta jin sa. Ta zame ta zauna daɓas a kan siminti, lulluɓinta ya faɗi, furfurarta ta bayyana gaban ɗanta da baƙon namiji, ba ta ko kula ba.

“Kwana uku gare ta,” ta ce. “Da yatsana na buɗe mata baki. Tana turewa ina ɗurawa.”

“Inna...” in ji Abarshi.

“Biyu na binne kahin kai, Abarshi. Mato da Tanimun. Dut ga nono sunka mutu, ba a gwada ba. Da anka zo kanka wata tsohuwa a Tajaye ta gwada, ta ba ni sassaƙe na sha, ka rayu. Mi kake so in yi? In zuba ido in ga na uku, na huɗu?”

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Lauratu ta dubi matar da ta ce a kore ta yanzun nan, ta ga ashe tsoro ɗaya suke kwana da shi shekara biyar, kowa a ɗakinta.

“Ban ce ke ce ba,” in ji Majo. “Ban ce ita ce ba. Kada wanda ya hita nan ya ce Majo ya ce. Abin da na ce shi ne, kwana arba'in ɗin nan da ta sata ba su cuci yarinyar ba. In ma wani abu sunka yi, alheri ne.”

Lauratu ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka. Kukan ya motsa mata jiki, sai ga gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, fari na bin zane.

Majo ya gani. Fuskarsa ta sauya.

“Madam, jego kike?”

“Kwana goma sha biyu.”

“Ina jaririn?”

“Gida.”

“Shina shan nono?”

Lauratu ta dubi Abarshi.

“Tambaya nike!”

“An gwada,” in ji Abarshi ƙasa ƙasa. “Cikin kohin Inna dai.”

“Ba ki sata ba wannan karon?”

Lauratu ta girgiza kai. “Na ga yadda Asabe ke lalacewa. Na ce alhakin abin da na yi ne. Na rantse ba zan taɓa ba shi ba. Ko ya yi kuka sai in toshe kunne in hita.”

Garin neman gira an rasa ido.

“Kwana goma sha biyu ga akuya,” in ji Majo. “Cikin wanga zahi. Da mi ake ba shi?”

“Da cokali. Wani lokaci da tsumma.”

“Ana dahwa madarar?”

Inna Uwani ta kau da kai.

“Kashinsa fa?”

Lauratu ta ɗago. “Tun jiya... ruwa ruwa ne. Sau shida. Inna ta ce na sabon hanji ne.”

“Maɗigarsa ta faɗa?”

“Kaɗan.”

Majo ya miƙe tsaye da sauri har kujera ta kife.

“Ku saurare ni da kyau. Maganar sukari ga jariri, wannan zato ne, na shekaru masu zuwa. Amma zawo ba zato ba ne. Zawo ga ɗan kwana goma sha biyu ba ya jiran gobe. Na ga wanda ya fara da safe, anka binne shi da la'asar. Maganinsa na farko ga shi nan yana zuba a ƙasa.”

Ya nuna rigar Lauratu.

“Malam Abarshi, hita bakin hanya ka tare duk motar da ka samu. Malbaza ba nisa. Ka ɗauko shi ka kawo nan, ta ba shi nono gabana, in duba shi. Kahin la'asar nike son ganin shi.”

Abarshi ya zura hularsa, ya yi ƙofa.

“Tsaya.”

Inna Uwani ce. Muryar ba tata ba.

“Inna, ba lokaci.”

“Na ce ka tsaya.”

Ta ƙi kallon kowa. Ta zuba wa kofin ido.

“Ba ya Malbaza.”

Lauratu ta juyo ta dube ta.

“Wa?”

“Lurwanu.”

“Inna, a hannun Baba A'ishatu munka bar shi. Gabana ta goya shi,” in ji Lauratu.

“Jiya da marece na leƙa ɗakinki,” in ji tsohuwar. “Na ishe ki kin rungume shi ga ƙirji kina kuka. Na ce wagga ba za ta iya daurewa ba. Ga kuma ciwon Asabe, ban san ko ana ɗauka ba. Sai yau da safe na ce da A'ishatu, da mun hita, ta bi motar kasuwa ta kai shi Tajaye.”

“Tajaye!” in ji Abarshi.

“Ba cikin gari ba. Can tungar yayanmu, gaba da rijiya ta biyu. Akwai awaki. Na ce kada ta dawo da shi sai ya yi haƙori. Na ce ko wa ya zo, ko Abarshi ne, in ba ni ta gani ba kada ta bayar. Har rantsuwa na sa ta yi.”

Abarshi ya jingina da ƙofa kamar wanda buhu goma suka danne.

“Mota ba ta shiga tungar nan, Inna. Daga titi sai amalanke.”

“Na sani.”

“Ko yanzu munka tashi, sai bayan magariba.”

“Zuwa ke nan,” in ji Majo. “Dawowa fa? In kun ce ku je ku ɗauko shi ku kawo, sai gobe da hantsi. Ba shi da wannan lokacin. Nonon ne zai tahi wurinsa.”

Lauratu ta riga ta miƙe. Ta ɗaure zane, ta ja gyale.

“Mu tahi. Inna, tashi. Tashi, ke za ta gani ta bayar.”

Ta kama hannun tsohuwar ta ɗaga ta da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Suka kai bakin ƙofa. A waje rana ta take, wata motar siminti da ta sauke kaya tana ta oda a bakin titi, yaran mota na kiran Malbaza, inda za su samu ta Tajaye.

“Madam.”

Ta waiwayo.

Majo na tsaye a kan Asabe. Ya sa yatsu biyu a wuyanta.

“Ba zan ɓoye miki ba. Awoyin nan masu zuwa su ne za su nuna. Ko ta juyo, ko...” Bai ƙarasa ba. “In kin tahi, ban yi miki alkawarin abin da za ki ishe ba.”

Gaba kura, baya sayaki.

Lauratu ta tsaya ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Nono na ɗiga a kan yatsun ƙafarta.

“Laure, mota za ta tashi,” in ji Abarshi.

“Iya.”

Can ƙasa muryar ta fito. Asabe ta buɗe ido rabi, tana lalube da hannun da ba allura.

“Iya, kada ki tahi.”

“Ina nan. Ga ni nan, uwata.”

“Duhu nike gani.”

Rana tsaka, taga a buɗe.

Motar ta sake yin oda, doguwa. Injin ya ɗauka.

“Laure!”

Hannun Asabe ya sauka a kan katifa. Numfashinta ya sauya, ya koma mai zurfi, mai ƙara, kamar zugazugin maƙera.

Majo ya ɗaga mata fatar ido. Ya bubbuga kumatunta.

“Asabe. Asabe! Ke, Asabe!”

Ba ta amsa ba.

A bakin titi, tayoyin mota suka fara juyawa.